Ɗan Farin da Ba Na Kallo

Tambayar farko da aka yi mini a Ingila, tambaya ce da ba wanda ya taɓa yi mini ita a Bodinga cikin shekara talatin da takwas. Wata Baturiya ce zaune cikin ɗan keji na gilashi. Ta karɓi fasfona, ta dube ni, ta dubi hoto, ta yi magana ta hanci. Ban ji ko kalma guda ba. Malam, maigidana, an riga an nuna masa wani layin daban, ina hango hularsa can nesa. Sai ta ɗaga waya ta kira tafinta, ta miƙo mini. Muryar Bakano ce.

Ya ce tana tambaya wurin wa na zo. Na ce wurin yaron nan. Ya ce wane yaro, sunansa take son ji.

Yaron nan ɗan farina ne, kuma sunan mahaifin Malam aka sa masa. Kunya biyu ke nan ta haɗu a kan mutum guda. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa Mandera, can ya girma. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na ƙura masa ido ba, kuma in ina da magana da shi sai in faɗa wa wanda ke kusa, in ce a gaya masa, ko da yana zaune a gabana. Haka uwata ta yi da yayanmu a Shagari, ba wanda ya ce ba ta ƙaunarsa.

Bakanon ya yi dariya, ya ce Hajiya nan fa ba gida ba ne. Na ce na sani, amma bakin na gida ne. Ya juya ya yi wa Baturiyar dogon bayani, ina kallon fuskarta tana ƙara ɗaurewa. A ganinta, matar da ta kasa faɗin sunan ɗanta ba uwarsa ba ce. Ni kuma a ganina, Bakanon nan ƙara wa maganata gishiri yake yi, don abin da na faɗa bai kai tsawon abin da ya fassara ba. Daga ƙarshe na zaro takardar gayyata na ɗora yatsa a kan sunan. Ta ce to, yaushe aka haife shi? Na ce ranar Laraba da hantsi, ana tsakiyar cirar albasa, kuma yana da tabon ƙuna a ƙwaurin hagu tun yana rarrafe. Da aka fassara mata sai ta yi murmushi ta buga hatimi. Gaba kaɗan kuma wasu suka buɗe jakata suka kwashe kilishin da na yo masa, wai ba a shiga da nama. Har yau ban yarda zubar da shi suka yi ba.

Ni ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Shekara huɗu yaron nan bai zo gida ba. Da can kowace Juma'a yakan kira ta waya mai hoto, Malam ya riƙe, ni in zauna a gefe ina tsince shinkafa ina satar kallo. Wata takwas kafin tafiyarmu sai hoto ya ɗauke, sai murya kawai, ita ma gajeriya. Sau da yawa matarsa Saudatu ce ke ɗauka, ta ce yana barci, ta ce ya fita, ta ce ya gaji. Na san akwai abin da ake ɓoye mini. Na dami Malam har ya gaji ya ce masa muna son zuwa. Yaron ya yi ta ja mana rai, daga baya ya ce mu zo lokacin hutun Ista, don daga Juma'a zuwa Litinin ba a aiki. Malam kuma ya ce albasarsa ba za ta jira shi fiye da mako ba. Saboda haka muka sauka Alhamis, za mu juya Talata. Kwana biyar aka ba ni in gano abin da ke damun ɗan da ba ni da ikon tambaya.

A ƙofar fita suka tarbe mu. Ya durƙusa ya gaishe da Malam, ya juyo wajena ya gaishe ni, na amsa wa bangon da ke bayansa. Amma wutsiyar idona ta riga ta gama aikinta. Ya yi duhu, ba duhun rana ba, don ba ranar a garin. Wuyansa ya zama siriri cikin rigar sanyi, fuskar kuwa ta ɗan kumbura. Igiyar takalminsa a sake take. Sannan da aka zo ɗaukar kaya, Saudatu ce ta sungumi babbar jaka, shi ya ja ƙaramar da hannun dama, hannun hagu yana cikin aljihu. Ita ce kuma ta tuƙa motar. Na ce a raina, to, an fara.

Saudatu 'yar Sifawa ce, mu muka nema masa ita, kuma ban taɓa jin wani abin ƙi game da gidansu ba. Amma mace takan canza in ta yi nisa da idon dangi. Tun a motar na fara auna ta. Fara'arta ta yi yawa. Kowace tambaya Malam ya yi wa ɗansa, ita ke riga shi amsawa.

Gidan nasu ƙarami ne, hawa biyu, manne da na maƙwabta, ba tsakar gida, ba inda mutum zai shanya ko tsumma. Sanyi ya hana ni sakewa, ga shiru kamar an yi rasuwa a unguwar. Na yi kewar kukan tumakina tun ran farko. Da aka kawo abincin yamma na lura tukunya biyu aka ɗora. Mu aka zuba mana shinkafa da miya mai kyau. Shi aka kawo masa nasa daban a ɗan faranti, fari fat, ba ko jan mai. Aka ajiye masa wani ɗan kofi da bai fi na shan magani ba. Na ce wa Saudatu a gaya masa ga miya nan ta ishi kowa. Ta ce ai ya fi son nasa haka. Yaron da na sani yana lashe kwanon miyar kuka har ya nemi ƙari.

Ranar Juma'a da sassafe na ji ƙofa. Na leƙa ta taga na ga sun shiga mota su biyu. Duk layin motocin maƙwabta suna ajiye, ba wanda ya motsa. Saudatu ta dawo ita kaɗai ta ce an kira shi wurin aiki, wani abu ya lalace. Na ce ba cewa aka yi hutu ake ba? Ta ce aikin kwamfuta ba ya sanin hutu. Wajen sha biyu ta koma ta ɗauko shi. Ya shigo yana dafa bango, ya wuce sama ya kwanta. Wane irin aikin kwamfuta ne ke mayar da mutum kamar wanda ya wuni yana kaftu?

Sun je masallacin Juma'a da Malam. Da suka dawo na ja Malam ɗaki na tambaye shi abin da ya gani. Ya ce ya ga masallaci mai kyau, da kafet mai laushi, liman ɗan Pakistan. Na ce ba liman na aike ka gani ba. Sai ya ce, af, yaron a zaune ya yi salla, wai gwiwa ke damunsa. Malam shekara talatin ya yi yana malamin gona, daga nesa yake gane albasar da tsutsa ta shiga, amma ɗansa ya ce masa gwiwa, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya wuce zancen kafet.

"Malam, wanga yaro ba lahiya garai ba," na ce masa. "Ko dai an yi mishi wani abu."

Ya ce in ji tsoron Allah, in bar zargi, baƙi muke. Na ce ni ba baƙuwa ba ce, ni na haife shi. Ya ce to in je in tambaye shi mana. Ya san ba zan iya ba, shi ya sa ya faɗa.

Asabar suka ce za su kai mu mu ga gari. Aka kai mu bakin wani kogi, aka nuna mana gine-gine da agwagi. Malam ya yi ta ɗaukar hoto. Ni ina baya ina lissafin sau nawa yaron nan ya nemi wurin zama. A wani shago na tsaya ina rawar ɗari, sai wata tsohuwa 'yar Somaliya da ke sayar da kaya ta dube ni, ta fita daga bayan teburinta, ta ɗaura mini wani mayafin ulu a wuya. Na fara laluben jaka, don na ɗauka dabarar ciniki ce. Ta riƙe hannuna ta girgiza kai ta ce, "Hadiyya," wato kyauta ce. Na ji kunya ƙwarai. Tun da na sauka nake zargin duk wanda ya yi mini murmushi, ga shi na zargi baiwar Allah a banza. Amma kunyar ba ta hana ni ci gaba da zargin Saudatu ba.

Da muka dawo na shiga kicin da sunan neman ashana. A kan firji na ga wata gora da aka yi wa zane-zane da jan biro, layi bisa layi. Daga cikinta kaɗai take zuba masa ruwa, kuma sai ta ɗaga ta duba kafin ta zuba. Na ga ta dafa dankali ta zubar da ruwan, ta sake sabon ruwa ta dafa. Akwai wata durowa ta sama da take kullewa, makullin yana ɗaure a bakin zanenta. Na kuma lura ko alwala zai yi sai ya rufe ƙofar banɗaki, ya fito da hannun riga a sauke har wuyan hannu. Ruwa na daban, tukunya ta daban, durowa a kulle, miji ya rame ya zama sai abin da aka ce masa. Duk macen da ta girma a ƙasarmu ta san sunan da ake ba wannan. Na yanke cewa an mallake mini ɗa, ana ba shi wani abu a ruwa.

Ranar Lahadi na tashi da niyyata. Cikin abin da masu binciken kaya suka bar mini akwai garin gero da kanwa. Na jira Saudatu ta shiga wanka, na ɗora tukunya na dama kunun kanwa mai kauri, irin wanda ake ba wanda ya tashi daga jinya. Na tofa masa duk addu'ar da na sani. Na juye a babban kwano, na kai falo inda yake zaune da Malam, na ajiye a kan tebur. Na dubi Malam na ce a gaya masa ya shanye, ni na dama da hannuna.

Ya daɗe yana kallon kwanon. Tun da aka yaye shi ban taɓa dafa wani abu na ce nasa ne shi kaɗai ba, ya sani, na sani. Ya sa hannu biyu ya ɗauka, ya yi bisimilla ya kafa kai. Ina jin saukar kowace kurɓa, raina yana yin sanyi. Ya sha ya fi rabi lokacin da Saudatu ta sauko. Ta zo ta zare kwanon daga bakinsa, ta wuce kicin, na ji ta juye shi a wurin wanke-wanke ta sakar masa famfo.

A gabana, a gaban Malam. Na bi ta na ce mata abin da ban taɓa zaton zan ce wa ɗiyar mutane ba. Na ce na ga gorarta, na ga durowarta, kuma in ta ɗauka ba shi da kowa to ta yi kuskure. Ta tsaya ta juya mini baya, hannunta a kan famfo, kafaɗunta suna motsi. Ta ce in yi haƙuri, ita dai ba za ta iya cewa komai ba, an ɗaure ta da alkawari. Na ce alkawarin boka ko na wa? Shi kuma yana falo, bai ce mata don me ba, bai ce mini don me ba. Wunin ranar ba wanda ya ci abincin kirki a gidan.

Litinin bayan sallar asuba na ji shi a kan matakala. Yana saukowa yana tsayawa, numfashinsa yana fita da ƙara. Fuskar ta cika har idanun sun ƙanƙance, ƙafafun sun ƙi shiga takalmi, sai silifa ya zura. Saudatu tana riƙe da shi tana ce wa Malam an sake kiran sa wurin aiki. Na ɗauki hijabina da mayafin 'yar Somaliya, na riga su fita, na buɗe motar na zauna a baya. Suka tsaya suna kallon juna. Ya ce mata wani abu da Turanci, ta ce masa a'a da Hausa, ta tayar da mota.

Wurin aikin asibiti ne. Ma'aikatan suna ganinsa suka gane shi, ba wanda ya tambayi takarda. Aka ɗora shi a sikeli, wata nas ta dubi lambar ta dubi Saudatu ta yi mata faɗa ƙasa-ƙasa, Saudatu ta sunkuyar da kai ta karɓi laifin da ba nata ba. Aka shige da shi, mu aka bar mu a kujerun jira.

A nan ta gaya mini. Ƙodarsa ce ta daina aiki, duka biyun, wata tara ke nan. Litinin da Laraba da Juma'a ake wanke masa jini da inji, awa huɗu-huɗu. Ruwan da ya sha ba ya fita sai injin ya cire, shi ya sa ake auna masa a gora. Gishiri da kanwa guba ne a gare shi. Durowar magunguna ce a ciki. Kuma daga Juma'a zuwa Litinin shi ne tazara mafi tsawo, ranar Lahadi ita ce ranar da aka fi jin tsoro. A ranar na cika masa kwano. An sa sunansa cikin masu jiran a samu ƙodar da za a dasa musu. Ita an gwada ta, jininsu bai zo ɗaya ba.

Na ce to me ya sa ya sha? Ta ce ita ma ta tambaye shi, ya ce ba zai iya mayar da kwanon ba. Na ce me ya sa aka ɓoye mini, kuma da wane wayo suka zaci zan kwana biyar a gida ban gane ba?

"Inna, cewa yay yi ba ki ganewa," ta ce, "tunda ba ki kallonai."

Ban taɓa jin maganar da ta yi mini ciwo kamar wannan ba. Shekara talatin da takwas ina kallon yaron nan ta gefen ido. Na san tafiyarsa daga bayan katanga, na san tarinsa cikin tarin yara goma. Duk ranar kasuwa nakan ƙirƙiri dalilin zuwa Mandera don in gan shi yana wasa a ƙofar gida, in wuce kamar ban gan shi ba. Ashe na iya ɓoyewa har shi kansa ya yarda. Na nemi gafarar Saudatu a wurin, na kama hannunta, na ce na zalunce ta. Ta ce ba komai, ita ma da ita ce uwar haka za ta zata.

Bayan kamar awa guda nas ɗin ta ce mutum biyu za su iya shiga. Ɗaki ne dogo, kujeru a jere, kowa da injinsa. Yana kwance a ta ƙarshe kusa da taga. An naɗe hannun rigar hagu, na ga jijiyar ta kumbura ta yi tudu-tudu, allura biyu a ciki, jininsa yana bin roba yana shiga injin yana dawowa. Numfashin ya fara daidaita. Da ya gan ni sai ya yi ƙoƙarin jawo bargo ya rufe hannun.

Na ja kujera na zauna dab da shi. Na so in dube shi sosai, ido cikin ido, na ɗaga kai har rabi, wuyana ya ƙi. Abin da aka gina shekara da shekaru ba ya rushewa don an shiga jirgi. Sai na dubi Saudatu, wadda ke tsaye a ɗaya gefen.

"A hwaɗa mishi Malam shi kaɗai za ya komawa gobe," na ce. "Kuma a hwaɗa ma likita ƙoda biyu gare ni. Ɗaya ta ishe ni abin da yar rage."

Saudatu ta buɗe baki ta rufe, ba ta maimaita ba, don ba wanda bai ji ba. Injin yana ta ƙaramar ƙararsa. Ya juya fuska wajen taga. Da ya juyo, matarsa ya duba.

"A hwaɗa mata kunun ya yi daɗi," ya ce.

Na gyara masa bargon a kan ƙafa, na bar hannuna a wurin, muka jira sauran awa ukun.